Rasuwar Bi Mwanakombo, wadda ta koya wa 'yan matan Kijimbani iyo

Cikin alhinin da har yanzu bai sake mu mun yi kuka ba, Ƙungiyar Koyar da Iyo ta Matasan Kijimbani da ke tsibirin Pemba, a madadin Shugabanta, Mzee Makame Shaame, da dattawan da ke riƙe da amanarta, da malamai da ɗalibai, tana sanar da jama'a labarin da ya iske ta na rasuwar uwarta kuma babbar malamarta, Bi Mwanakombo Haji Vuai, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, a hanyar kai ta asibiti. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. An yi jana'izarta bayan la'asar. Mun raka ta, mun dawo mun zauna, aka ce ni zan rubuta wannan sanarwa, alhali ni kaina ban gama yarda ba.

A garin da mata ke wuni cikin teku suna noman ciyawar ruwa, amma iyo ya zama na maza kaɗai, marigayiya ta koyi iyo da girmanta a hannun yayanta masunci, bayan ruwa ya cinye ƙanwarta a wurin da ɗan shekara goma zai iya fita. Da jarkokin mai ta fara koyarwa, yara na rungume su don kada su nutse, tana sanye da wando da doguwar riga da ɗankwali, mutane suna tsaye a gaɓa suna yi mata dariya. Ba ta da rarrashi a baki. Yarinya in ta sandare don tsoro, sai ta ce mata, "Ke, ruwan nan ba surukarki ba ne, daina jin kunyarsa, kwanta." Amma bayan darasi ita ce mai tambayar sakamakon jarrabawa, ita ce mai lura da wadda ta zo ba ta karya ba. Cikin waɗanda suka bi ta hannunta yau akwai ungozoma, akwai malamar makaranta, akwai kuma wadda ta jawo mahaifiyarta zuwa gaɓa ranar da teku ta ciko da wuri ta riske su a gonar ciyawa.

Ba ta taɓa karɓar yarinya ta hannun ƙungiya ba. Da ƙafarta take zuwa, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta jira uban har ya gaji da ɓuya ya fito, sannan ta ce masa, "Ɗan'uwa, ni zan ɗauke ta a ƙofar nan, ni zan dawo maka da ita ƙofar nan." Haka kuwa take yi, gida gida, ko ana ruwan sama. Mu muna alfahari da wannan, ba mu lura ba cewa kowane uba ita ya bai wa 'yarsa, ba mu ba. Tun a wurin zaman makoki iyaye suka fara jan Shugaba gefe suna cewa da mai alkawarin suka yi magana, kuma mai alkawarin ta tafi.

Ƙungiya ta kuma ji abin da ake yaɗawa a kasuwar kifi, wai teku ce ta ci Bi Mwanakombo. Ƙarya ne, kuma masu faɗa su ji tsoron Allah, babu ɗayansu da yake wurin. Ta gama darasi, ta fitar da yaranta kaf, ta zauna a kan jarka tana matse ɗankwali, ta ce kanta na sara mata, ta kife. Hawan jini ne, iyalinta sun san ta daɗe da shi. An gan ta da jiƙaƙƙun kaya a bayan mota, shi ke nan magana ta tashi. Abin da ba a yaɗa ba shi ne, mataimakiyarta, Malama Riziki Khamis Pandu, wadda marigayiya ta koya wa iyo tun tana ƙarama, ba ta bi motar ba. Ta tattara yaran, ta kai kowace yarinya ƙofar gidansu, ta yi sallama ta miƙa ta. A ƙofa ta ƙarshe aka gaya mata an rasu.

Muna miƙa ta'aziyya ga mijinta, Mzee Bakari Kombo Faki, da 'ya'yanta da jikokinta, da mai girma Sheha, wato mai unguwar Kijimbani, da dukkan matan gaɓa. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalinta juriyar wannan rashi. Mu ma a sa mu a addu'a, don ba mu san me muke ji ba tukuna.

Ga iyayen yara kuma, ƙungiya ba ta da wata Bi Mwanakombo da za ta turo muku, kuma ba za mu yi muku ƙaryar muna da ita ba. In ajin 'yan mata ya mutu a wannan makon, ba mai sake tayar da shi, kuma ƙannensu za su shiga gonar ciyawa kamar yadda iyayensu mata suka shiga. Malama Riziki ta shaida wa dattawa cewa ranar Asabar, in ruwa ya janye, za ta sauka gaɓa ta jera jarkoki. Mun ce mata ta dakata a gama makoki, wataƙila ba wanda zai turo 'yarsa. Ta ce ta sani, za ta dai jira har ruwa ya dawo.

Sa hannu:
Mwalimu Othman Juma Sheha
Kakakin Ƙungiyar Koyar da Iyo ta Matasan Kijimbani, Pemba