Tsuntsun ƙanƙara ya haɗa ni da surukina

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin ki ɓoye sunana, don a cikinku akwai 'yan garinmu masu baki kamar reza. Shawara nake nema, don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Ina aure a wani ƙauye cikin ƙasar Kurfai, ba nisa da Filinge, 'ya'yana uku, babbar shekararta bakwai, sai mai biyar da mai huɗu. Lekol ɗin garinmu, wato makarantar boko, an rufe ta saboda halin da kowa ya sani. Ni kuwa na yi karatu har lise, wato babbar sakandare, a Yamai, na ce ba zan zauna ina kallon yarana suna bin awaki ba, na share gindin darbejiyar tsakar gida na fara koya masu da kaina. Tsarina shi ne mu ɗauki dabba ɗaya mu yi mako biyu a kanta, da ita za mu yi ƙidaya da harufa da zane da waƙa. Mun yi raƙumi, mun yi kifi, sai ƙanwata ta aiko mani da wani littafi mai hotuna na tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara, mai baƙin baya da farin ciki, wanda ba ya tashi sama, yana tafiya a tsaye yana rangaji.

Yaran sun so shi fiye da tsammani. Muka zana shi da gawayi da alli, na sa aka sayo mana ƙanƙara a leda daga Filinge suka riƙe a hannu don su ji irin garin da yake zaune, na nuna masu bidiyo a waya yadda uban ke ɗora ƙwai a kan ƙafafunsa uwar ta tafi kamun kifi. Yayar mijina, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa amma a kowace magana ita ce malama, ta zo ta tsaya a kanmu tana taɓe baki, wai yaran da ba su san a ƙarƙashin kaza ake sa ƙwan zabuwa ba su ake koya wa tsuntsun Nasara. Ban ko ɗaga kai na dube ta ba, wanda bai san gari ba ai ba a tambayarsa hanya.

Matsalar daga suna ta taso. Mutane da yawa pingwin suke ce masa, amma ainihin sunansa a Faransanci mansho ne, haka yake a littafin, ni kuma ba na koya wa yarana rabin ilimi irin na masu jin Faransanci a tasha. Na haɗa masu 'yar waƙa da sunan, suna yi suna tafiyar tsuntsun. Su da kansu suka ƙara da cusa hannuwa cikin riga don su yi kama da shi sosai, na yi dariya na bar su.

To kalmar nan mansho, ita ce dai kuma ake faɗa wa mutum mai dungu. Surukina tsohon soja ne, ya rasa hannunsa na hagu daga gwiwa a haɗarin mota tun yana aiki, kuma duk gidan daga shi sai ni muke jin Faransanci. Ranar Lahadi da safe, mijina ya tafi kasuwar Baleyara da tumaki, Baba yana zaune a zaure da abokansa dattawa, sai ga yarana uku a jere sun ratsa ta gabansu, hannayen riga suna lilo babu komai ciki, suna rera mansho, mansho. An ce tashi ya yi ya shige ɗakinsa. Ɗaya daga cikin dattawan da ya taɓa aikin gadi a Yamai shi ya fassara wa sauran, ka ji mai neman suna.

Da a ce da Hausa suka tsokane shi da ba wanda zai damu, jika da kaka ai wasa ne, kullum suna ce masa tsoho mai ran ƙarfe yana kai masu duka da hula. Amma wannan kalma kowa ya san ba a bakin rijiya suka tsinto ta ba. Kafin azahar yayar mijina ta zaga gida bakwai, wai na shirya wa yara wasan kwaikwayo don in ci mutuncin kakansu, wai daman tun zuwana nake ganin kaina sama da kowa. Wannan na biyun ban musa ba, in dai ita ce ma'aunin.

Mijina ya dawo ranar Talata, ko ruwa bai sha ba yayarsa ta tare shi. Mutumin da ke iya gane shekarun rago daga haƙori ya kasa duba hoto ɗaya da na miƙa masa. Ya ce ba ruwansa da tsuntsu, ubansa ya kwana biyu bai fito zaure ba, don haka zaɓi biyu gare ni. Ko in durƙusa gaban dangi ranar Juma'a in nemi gafara in daina karatun nan gaba ɗaya, ko yayarsa ta tafi da yaran gidanta na Filinge ta sa su lekol a can. Wato matar da ta ƙulla mani sharrin ita za a ba 'ya'yana. Na ce masa in na durƙusa na amsa laifin da ban yi da gangan ba, ya ce da gangan ko ba da gangan ba, wannan ba damuwarsa ba ce.

Kun san ba zan iya zuwa in zauna gaban suruki ina masa bayani ba, akwai kunya. Sai na naɗe shafin da sunan yake, na ba babbar 'yata ta kai masa littafin, a raina ina cewa yana gani magana ta ƙare, kowa ya ji kunyarsa. Ba ta daɗe ba ta dawo da shi, ta ce ko buɗewa bai yi ba, ya dai shafa kanta ya ce, "Hwaɗa ma uwakki na san kalmag ga da ma'anatta biyu tun ba a haihe ta ba. Ita ma ta sani. Mantawa tay yi da ina cikin gidan ga."

Wallahi wannan maganar ta fi duk haukan yayar mijina yi mani ciwo, don gaskiya ce. Na san ma'anar, na ga hannayen rigar suna lilo, kuma ko sau ɗaya bai faɗo mani a rai ba. Har yanzu ina raina masu yaɗa maganar, ba zan ɓoye ba, kuma in na tuna yadda matar nan za ta zauna tana kallona a durƙushe sai in ji abinci ya fita raina. Amma tsohon nan bai taɓa yi mani komai ba sai alheri.

Juma'a saura kwana biyu. In durƙusa gabansu duka in rufe karatun, yarana su zauna gabana ba ilimi? Ko in karya kunyar in je wurinsa shi kaɗai, in nemi gafarar abin da na yi na gaskiya, ko da za a ce na ƙara rashin kunya a tafi da su Filinge? Masu surukai a gida, ku gaya mani wanne za ku yi.