Gurbin da Na Bar Miki a Cikin Ganga

Zuwa ga Chizuru, sanyin idona, furen da ya riga bazara fitowa, shinkafata mai zafi ranar da sanyi ya hana kowa sakat,

Wasiƙarki ta same ni a tsaye cikin fatu, hannuna duk gishiri. Kin ce babanki ya sa an bi diddigin asalina, an kawo masa sunan unguwarmu a Naniwa, unguwar majema da mahauta, har ya sa aka fasa kofin da na sha shayi da shi. Kin roƙe ni in je ofis in sauya adireshin asalinmu a takardar iyali, ko ya huce. Haba, Chizuru! In goge kakana don in samu suruki? Ina sonki har ina jin ciwon abin a haƙarƙarina, amma wannan kam ba zan yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna bikin kaka, da babanki ya tuɓe riga yana dukan babbar gangar ɗakin bautar unguwarku? Kika ɗora tafina a ƙirjinki, kika ce nan ma tana amsawa. Tun ranar ban sake mallakar hannun nan ba.

To, jiya aka kawo mana gangar, fatarta ta yage. A sana'armu, duk wanda ya ɗaura wa ganga fata yakan rubuta sunansa a jikin itacen ta ciki kafin ya rufe. Na cire ƙusoshi, na leƙa, sai ga sunan kakana da baƙar tawada, ga na ubansa a sama. Shekara arba'in babanki yana rusuna wa wannan ganga kafin ya ɗaga sanda, ashe mu yake gaisarwa bai sani ba! Na yi dariya har da hawaye. Innata ta leƙa ta taɓe baki, ta ce, "Ka ji mutane! Ganga mai tsarki, mai yinta ne ƙazami."

Na rubuta sunana a ƙarƙashin nasu, na bar gurbi a gefensa, faɗin yatsa uku. Ranar Asabar da hantsi za mu ja sabuwar fata, in ta rufu kuwa sai bayan shekara talatin. Ki zo, hasken raina. Ki shigo ta bakin layinmu ido na ganin ido, maƙwabta su gan ki, ki rubuta naki da hannunki. Na dama tawadar.

In ba ki zo ba, ba zan sa sunan kowa ba. Haka zan rufe ta, babanki ya yi ta dukanta duk shekara, da gurbin 'yarsa a ciki.

Naki har wannan fata ta tsufa a sake wata,
Isamu, jikan majema