Doguwar Fijo a Ƙofar Gidan Hajjo

Birnin Kudu, 9 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga Baba Sanda bakanike, Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Zahara'u 'yar marigayi Manu, wadda ka sani tun ina goye a bayan Inna Hajjo. Yanzu ina koyarwa a firamare. Na san ka ji rasuwar Baba Ɗanladi, mijin Inna, da azumin bana, ko da yake ba mu gan ka wurin gaisuwa ba.

Maganar doguwar Fijon nan ce da ke kwance a ƙofar gidanmu a Unguwar Ya. Ka san Baba Ɗanladi ne ya zo da ita shekara uku bayan yaƙin basasa, ya ce motar asibitin soja ce da mahaifina ke tuƙawa, a cikinta aka harbe shi ya cika, shi kuma ya saye ta a gwanjon soja. Da wannan Inna ta yi takaba. Har yau duk Juma'a sai ta share gindin motar, ta shafa ramin harsashin da ke ƙofar direba, ta yi masa addu'a.

To, yanzu da muka samu jiharmu, wani kwamiti na so a kai motar Dutse ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a kafa allo da sunan Manu. Sai dai sun ce a kawo takarda daga wanda ya san mota, ya faɗi sunanta da ƙirarta da shekararta. Kai ka yi kanikanci a soja, wa ya fi ka? Ga hoton mahaifina yana jingine da ita, shi kaɗai gare mu, don Allah ka dawo min da shi.

Ban taɓa ganinsa ba, Baba, kuma ba shi da kabarin da za mu ziyarta. Allon nan kaɗai zai samu.

Ka huta lafiya. 'Yarka, Zahara'u.

Gwaram, 20 ga Nuwamba

'Yata Zahara'u,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, Allah ya jiƙan Ɗanladi. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokon bariki ne.

Hoton Manu ya sa ni ƙwalla. Motar da yake jingine da ita 404 ce doguwa, ga fitilunta nan zagaye, ga sitiyari a dama kamar duk motocin lokacin. Irinsu muke cire kujerun baya mu kafa ƙarafan gado biyu. Ko cikin barci na san su.

Amma batun takarda, ido ya yi rauni, gwiwa ba ta son tafiya. Su 'yan kwamitin da ba su san bambancin Fijo da amalanke ba, me za su yi da shekara? Shawarata a bar tsohuwar mota inda take, a yi wa Manu sadaka. Ga hotonki nan.

Ki gaida Hajjo. Naki, Sanda.

Birnin Kudu, 27 ga Nuwamba

Baba Sanda,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Idon da ya yi rauni ya ga sitiyari a hoton da bai kai tafin hannu ba. Da na karanta wasiƙarka sai na tafi Unguwar Ya da hoton, na tsaya gaban motar da na girma ina wasa a inuwarta. Fitilunta masu kusurwa ne. Sitiyarinta a hagu yake. Shekara goma sha tara muna kallonta, mu mutanen ƙauye duk doguwar mota mai koren fenti Fijon soja ce a wurinmu.

Na je tasha na tambayi tsofaffin direbobi. Suka ce tamu 504 ce, kuma sai a 1972 aka sauya hannun tuƙi sitiyari ya koma hagu, bayan yaƙi ya ƙare da shekara biyu. Har dariya ɗayansu ya yi min.

Na tambayi Inna a fakaice yadda aka yi alƙali ya yarda mahaifina ya mutu. Ta ce shaidu biyu ya nema. Na farko Baba Ɗanladi. Na biyu kai.

Ba takardar kwamiti nake nema yanzu ba. Ka faɗa min wace mota ce wannan, ko in zo Gwaram in tambaye ka gaban yaranka.

Zahara'u Manu.

Gwaram, 6 ga Disamba

'Yata,

Salamu alaikum. Ba sai kin zo ba.

Motar haya ce da ta faɗi a hanyar Wudil, Ɗanladi ya saye ta a ragargaje. Ni na yi mata walda, ni na fesa koren fenti, na zana jan kuros na asibiti, na huda ƙasanta inda ake ɗaure gado. Ramin da Hajjo ke shafawa, da ƙusa da guduma na yi shi.

Ɗanladi ya ce min Hajjo ta yi shekara shida ba ta da miji ba ta da takardar saki, kuma rundunar su Manu babu wanda ya tsira. Ya ce dattawan garinku ba za su yarda da baki ba sai sun ga abu da ido. Na san yana sonta, amma na ce wa kaina taimako ne. Na tsaya gaban alƙali na ce na ga gawar Manu cikin motar. Ban gani ba. Babu wanda ya leƙa ya tambayi gefen da sitiyari yake.

Saura abin da ya hana ni zuwa garinku har yau. Da daminar 1975 wani mutum ya sauka a garejina, hannun dama babu, ya rame kamar kara. Manu ne. An kama shi a yaƙi, daga baya ya daɗe a asibiti bai san kansa ba. Ranar kuwa Ɗanladi ya kawo motar gyaran birki, ya bar ta ya koma gida. Manu ya ce ta waye, na faɗa masa komai, har da cewa Hajjo na goyon ɗan Ɗanladi.

Ya zagaya motar sau biyu, ya sa yatsa a ramin nan, ya ce, "Sanda, ko ƙaryar ma ba ka iya ba, ai tawa 404 ce." Ya tambayi abin da Hajjo ta haifa masa, na ce mace. Ya ce, "Me aka sa mata?" Na faɗa, ya maimaita sunan. Sai ya ce kada in ɓata mata gida, ya hau motar Ningi. Ban tare shi ba, don ina tsoron hukuncin shaidar zur. Ban ƙara jin labarinsa ba, kuma ko Ɗanladi ban gaya wa ba.

Na tsufa, Zahara'u, ina jin tsoron kwanciyar kabari. Ki yafe min, ki roƙar min Hajjo.

Mai laifi, Sanda.

Birnin Kudu, 14 ga Disamba

Malam Sanda,

Salamu alaikum. Na shaida wa kwamiti su cire sunan Manu, don ban san ko yana cikin matattu ba.

Na karanta wa Inna wasiƙarka. Ba ta yi kuka ba. Juma'ar nan ba ta ɗauki tsintsiya ba. Tambaya ɗaya ta ce in yi maka: ranar da ya zo, ka ba shi ko ruwa ya sha?

Yafiyar da ka nema ba a hannuna take ba, mai ita ya hau motar Ningi. Gobe zan bi hanyar Ningin da hotonsa a hannuna. Kai kuma ka aiko a kwashe motarka daga ƙofar gidanmu.

Wassalam. Zahara'u Manu.