Shirun da ke Tsakiyar Zabura

Yaya Ghislaine,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Mama, yaya yara? Ni lafiyata ƙalau, sanyin nan Saskatchewan ne kawai ke sandarar min da yatsu. Kar ki gaya wa Mama.

Kin san gwajin wata uku 'yan zuhudun nan suka ba ni a kan kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan cocinsu. A addu'ar yamma sukan yi shiru a tsakiyar kowace ayar Zabura. Na ɗauka mantuwar tsufa ce, sai na dinga cike musu gurbin da kiɗa. Shugabansu, Fada Anselm, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, shirun nan ma addu'a ne. Sakar mana kayanmu." Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Yanzu waƙoƙi masu sanyi nake zaɓa, ina bin muryarsu a hankali. Don Allah ki aiko min da tsohon littafin waƙoƙin Baba.

Jiya Fada ya ce, "Wai ka kaɗa kuwa yau? Ban ji ka ba." Na ɗauka sallamata zai yi. Sai ya yi dariya ya ce, "Irin kiɗan da muke so ke nan. Kwance jakarka, ka ci gwaji, ka samu wurin zama."

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Léandre