Takardar da Ka Cike Ta Ce Ba Ka da Mata

Zuwa ga Baban Alheri,

Bayan gaisuwa irin wadda mace ke yi wa mijinta ko da ƙasa ta rufe shi, ina sanar da kai cewa yau wata huɗu da binne ka, kuma har yanzu ban yi maka kukan kirki ba. Haushinka ya hana ni. Na rubuta wannan inda kowa zai karanta, tunda kai a ɓoye ka yi naka.

Lauyan can Turai ya aiko da takardun zamanka. Alheri ce ta karanta mini, 'yar cikinka, mai irin goshinka. Wurin aure ka rubuta ba ka da mata. Wurin 'ya'ya ka rubuta babu. Wanda zai gaje ka kuwa, ƙanenka Danladi. Ta kai layin 'ya'ya sai ta ajiye takardar ta fita tsakar gida. Wanke kwanukan da ta riga ta wanke ta shiga yi.

Ka tuna bikinmu a unguwar Television? Danginka sun kai sadaki, fasto ya sa albarka, matan zumunta sun yi rawa har ɗankwali ya faɗi. Na ce mu je a yi mana rajista, ka yi dariya ka ce, "Takarda ta Turawa ce, Saratu. Mu shaidunmu mutane ne." To, sannu da wayo. Sai ga ka ka kwashi ƙafa ka tafi ƙasar masu takardar.

Ranar da na raka ka Gonin Gora ka hau motar Abuja, kana cin gasasshiyar masara ka faɗa mini, kamar labarin kasuwa. Wai mai shirya maka biza ya ce tuzuru ya fi saurin samu. "Ina isa zan gyara," ka ce. Ni ma wawuya, na taya ka dariya, har na kira ka saurayi.

Shekara goma sha ɗaya, Ishaku! Ka samu lokacin turo hotonka cikin rigar sanyi, ka samu lokacin yi mini faɗa a waya kan kalar fentin ƙofa. Layi ɗaya tak ka kasa gyarawa.

Gidan nan na Mahuta ni na tsaya kan magina. Ni na shayar da bulo safe da yamma da ruwan da na ja a rijiya, ina goye da Alheri. Takardar filin kuma da sunanka, don haka muka saba, namiji ake rubutawa.

Makon jiya Danladi ya shigo da masu sayen gida, suna auna katanga ina tsaye. Wanda ya girma a bakin tukunyata, wanda bai taɓa kiran sunana ba sai "matar Yaya", ranar nan ya dube ni ya ce, "Saratu, doka ba ta san ki ba." Ban zage shi ba. Kai na zaga, don kai ka ba shi bakin.

Ranar Talata za mu kotu. Da furfurata zan tsaya gaban alƙali in nuna cewa na taɓa aure, kuma yarinyar nan tana da uba. In na kasa, ni da ita mun bar gidan.

Mama ta ce za ta zo, da ciwon gwiwarta. Ta ce, "Ni na je na ɗauko ki da ƙafata, zan faɗa wa alƙali." Ka ji abin da ka bar wa mahaifiyarka: ta binne ɗa ɗaya, za ta ba da shaida a kan ɗayan.

Mangwaron da ka dasa ya yi 'ya'ya bana, na farko. Na tsinko ɗaya na ajiye maka a kan taga kafin in tuna. Yana nan har ya lalace, na kasa jefarwa.

Ubangiji ya gafarta maka, ya ba ka hutu. Ni ma ya ba ni zuciyar yafe maka, amma ba kafin Talata ba.

Matarka, wadda ka rubuta babu ita,
Saratu