Zanen Allin da ke Ƙasan Ɗakina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan da tsayuwar aiki ta jawo maka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma shara da kanta ta hana kowa taɓa mata tsintsiya. Baba yana nan, sai dai rawar hannun ta ɗan ƙaru. Da sassafe hannun yakan natsu, amma kafin rana ta take ko kofi sai an tallafa masa.

Ka san ni da biro ba shiri muke ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne abin da na gani ranar Talatar da ta wuce da safe. Na fita zan tafi shagonmu na gyaran kujeru, har na kai bakin titi na tuna na bar almakashina, sai na juyo. Na tarar da ƙofar ɗakina a buɗe. Ɗan Kawu, wanda kuke kira Injiniya, yana durƙushe a ƙasa da tef ɗin awo, yana auna zanen allin da na yi a siminti, daga ƙafar kujerar da Baba ke zama zuwa inda nake tsayar da makirufo, yana rubutawa a wayarsa. Har soson da na manna a bango ya ɗauki hotonsa. Da ya gan ni ya ce caja yake nema. Na ce Allah ya sa a gani, na ɗauki almakashina na tafi.

Bari in tuna maka yadda zanen ya samu. Da za ka tafi, ka bar mini jitarka mai ramin sa waya, ka ce in naɗi kiɗe-kiɗen Baba guda goma tun hannunsa bai daina ba. Ban san komai ba a lokacin. Na soka waya daga jitar zuwa kwamfuta, sautin ya fito siriri kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani, domin ɗan abin ɗaukar sautin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, tsirkiya kawai yake ji, ba ya jin katako. Na ajiye makirufo daidai bakin ramin jitar, sai ya zama kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Daga nan na riƙa matsar da shi yatsa ɗaya yatsa ɗaya, kullum kafin in tafi shago, duk inda na gwada in sa alli. Wata biyar ina wannan, har na samu wurin: taƙi biyu daga inda wuyan jitar ya haɗu da jikinta. Sai in haɗa da sautin waya kaɗan a ƙasa don ya riƙe shi, in ɗiga amsa-kuwwa ɗan mitsitsi, wanda ba za ka san yana nan ba sai an cire shi. Soson bango kuwa guntayen da maigidana na shago ke zubarwa ne nake kwasowa. Kiɗa huɗu na gama a haka. Ban turo maka ba saboda ina so in haɗa goman in ba ka lokaci ɗaya. Wannan kuskurena ne, na yarda.

Ana haka ka aiko da kwalin nan. Ni na je tasha na ɗauko shi a kafaɗa, ina tafe ina murmushi ni kaɗai. Sai da na sauke na ga rubutunka a jiki, sunan Injiniya ne. A ciki akwai akwatin sauya sauti, mai maɓallai da fitilu, wanda ake takawa da ƙafa. Ba zan yi masa ƙarya ba, akwatin yana da kyau. Akwai wani maɓalli da ke tausasa kaifin sautin waya, na ji sau ɗaya har yanzu yana kunnena. Na roƙe shi in gwada, ya ce ba abin da ake dannawa da ka ba ne, sai an karanta littafinsa. Na ce to.

Naɗinsa na farko a falon Kawu ya yi, wayar jitar kawai ba makirufo, ya kunna kusan duk abin da akwatin ya iya. Da aka sa wa Baba a kunne, ya saurara can ya tambaya wane ne wannan, kuma me ya kai shi cikin tankin ruwa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Kwana uku bayan nan na same shi a ɗakina da tef. Washegari da rana, ina shago, ya shigar da Baba ɗakin, ya naɗa, ya tura maka. Ranar Juma'a ya kunna saƙon muryarka a tsakar gida kowa na ji. Ka ce yau ka ga amfanin karatu, ka ce a mai da jitar gidan Kawu ƙarshen watan nan Injiniya ya ƙarasa sauran shidan. Ina bakin famfo ina wanke gam daga hannuna. Na ci gaba da wankewa har bayan hannun ya fita.

Yaya, kishi nake yi, ba zan ɓoye maka ba. Tun daga ranar ko takalminsa na gani a bakin ƙofa sai in ji raina ya ɓaci. Yana gaishe ni ina amsawa ciki-ciki. Shi ya yi makaranta, ni na bar ta a aji huɗu, kuma ban taɓa jin zafin hakan ba sai da na ji muryarka tana yabon ɗakina da sunan wani.

Ba na so ka yarda da ni don ni ƙaninka ne. Ka sa abin kunne ka sake sauraron abin da ya turo. Za ka ji wani gurnani siriri a ƙasan kiɗan daga farko har ƙarshe. Firjin Inna ne, yana jingine da bangon ɗakina ta baya, ni cire shi nake daga wuta kafin in fara. Wannan ba a rubuce yake a ƙasa ba. Wajen tsakiya za ka ji kiɗan ya yi tsalle, a nan hannun Baba ya gaji aka yanke aka haɗa, domin da rana aka yi. Ni da sassafe nake yi, bayan ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi. Sannan ka nemi ɗan gunjin da Baba ke yi a maƙogwaro in kiɗa ya yi masa daɗi, wanda muka tashi da shi tun muna yara. Ba za ka ji shi ba. Zanen da Injiniya ya auna shi ne mafi girma, amma tsoho ne. Wurin gaskiya ƙaramar ƙusa ce na kafa a gefe, inda makirufo ke ɗan karkata wajen bakin Baba.

Roƙona ɗaya ne: ka bar jitar a ɗakina har in gama shidan nan. Falon Kawu yana kallon titi, ga mai walda a maƙwabta, kuma hannun Baba ba zai jira wani ya yi wata biyar yana koyo ba. In na gama ka ba wanda kake so. Har na rubuta cewa ko sunansa aka sa ban damu ba, na soke, domin ƙarya ce. Na damu. Ina so ka san ni ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage tsayuwa. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban har yanzu ina ajiye da ƙaramar kujerar da na yi masa.

In kana son shaida kan safiyar Talata, ba ni kaɗai na gani ba. Inna tana shara a bakin ƙofar, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Wani mai gyaran famfo da ya zo mana aiki yana nan, shi ne ma ya ara masa tef ɗin. Baba kuma yana zaune a kujerar tsakar gida, ƙofar a buɗe, yana kallonsa yana auna zanen da ba shi ba. Ya san inda ƙusar take, kullum ƙafarsa na kusa da ita, amma bai nuna masa ba. Ka kira shi da safe ka tambaye shi dalili.

Ƙaninka mai jiran amsarka,
Auta