Sanƙon Babanki

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙanwarki mai jego da jaririn. Yara suna ƙalau, sai dai sun gaji da girkina.

Itatuwan bakin shago sun yi fure, kin san sauran. Garin furen nan mai ruwan ɗorawa ya rufe madubi, idona ya yi ja, hanci kamar famfo. Likita ya ba ni ƙwaya, amma in na sha sai barci, hannu ya yi nauyi. In ban sha ba kuwa sai atishawa, ga aska a wuyan mutum. Shekaranjiya na kusa cire wa wani direba rabin gashin baki. Ya tashi da kumfa a fuska, bai ko waiwayo ba, kuma ya baza labari. Yanzu masu son aski sai su leƙo, su ji na ja hanci, su wuce shagon gaba. Mai gidan da nake haya ya fara maganar bai wa wani shagon. Wallahi ina tsoro, kada ki dawo ki tarar ba ni da kujera.

Mijinki,
Mai aski

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya mai jego? Zauna da kyau kafin ki karanta.

Babanki, mutumin da tun aurenmu bai taɓa haɗa ido da ni ba, shi ne ya shigo shago ana tsakiyar hada-hada. Ya sa na fito da kujera bakin ƙofa, ya tuɓe hula. Ke kin san kan nan, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Haka ya miƙa mini shi, ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido, duk titi na kallo. Kullum sai ya zo, ina aske abin da babu, kunya kamar ta kashe ni.

Ran nan atishawa ta kufce mini, aska ta taɓa bayan kunnensa. Na ga jini. Ko motsi bai yi ba. Ya jawo hula ya rufe wurin, ya miƙe yana yaba hannuna da ƙarfi don masu wucewa su ji. Washegari ya dawo, ya juyo mini ɗaya kunnen.

Yau har layi aka yi, direban ma ya dawo. Mai gida ya bar maganar karɓe shagon. Na yi kuka, na ce garin fure ne.

Ban san ina son tsohon nan haka ba. In kin dawo kika ga hularsa a karkace, don Allah kada ki gyara masa.

Mijinki mai kewarki,
Mai aski